Ana Takwas: Antin Ƙasa da Ruwa-Biyun Indiya



Bari in fara da abin da ya faru a gidan suna, don shi ya jawo wannan rubutu. Kwanakin baya aka yi sunan jikan wani abokin Babanmu a gabashin Landan. Kun dai san yadda taronmu yake a nan: an kama zauren wata cibiyar unguwa, mata a gefe guda, maza a gefe guda, an jera kulolin shinkafa da waina da miyar taushe a kan tebur, yara kuma suna ta tsere tsakanin kujeru suna ihu da Turanci. Ɗiyar yayata, 'yar shekara takwas, ta je ta durƙusa gaban wata Hajiya ta gaishe ta da Hausa tas. Ina wuni, ya gida, ya sanyi. Hajiya ta amsa da fara'a, har da shafa mata kai. Sai ta juya wurin ta kusa da ita ta ce, ba ma a hankali ba, "Allah sarki, ji bakinta kamar tamu. Ai ruwa-biyu ce, ubanta Bature ne."

Kamar tamu. Yarinya kuwa ta ji. Muna cikin mota za mu koma gida ta ce mini, "Anti, ruwa-biyun nan wane ruwa ne da wane ruwa?" Na yi dariyar yaƙe, na ce ta gyara bel ɗinta. Daren nan barci ya ƙi zuwa. Abin mamaki, ba Hajiyar ce ta tsaya mini a rai ba. Wata tsohuwa ce da muka yi zaman gida ɗaya da ita shekara goma sha bakwai a wajen Croydon, wadda ta rasu shekara uku da suka wuce.

Mu muna sama, ita tana ƙasa, shi ya sa muke ce mata Antin ƙasa. In ka gan ta a tashar bas ba za ka yi tantama ba, Ba'indiya ce. Amma sunanta na Turawa ne, sunan gidansu na mutanen Sikotland. Ban taɓa ganinta da sari ba, kullum siket da riga da 'yar jakarta a hannu. Ranar Lahadi tana cocin Katolika. Falonta yana ƙanshin kori, a bango kuma ga hoton Sarauniya, kusa da shi ga hoton wani baƙin kan jirgin ƙasa mai hayaƙi da wani mutum a tsaye gabansa ya riƙe ƙugu. Umma ta rasa inda za ta ajiye ta a lissafi, sai take ce mata "Ba'indiyar nan mai sunan Turawa." Wata rana don neman shiri Umma ta gaishe ta da ɗan Indiyancin da ta tsinta a fim. Tsohuwa ta dube ta ta saman tabarau, ta ce da Turancin nan nata mai lilo, ita harshen uwarta Turanci ne, Hindin da ta iya na cefane ne kawai. Umma ta hawo sama tana cewa, "Ikon Allah, yau na ga Ba'indiyar da ba ta jin Indiyanci."

Fim ne ya haɗa su daga baya. A gidanmu, kamar gidajenku na sani, Asabar ranar fim ɗin Indiya ce. Umma ta taso a Kano tana kallonsu, ta zo Ingila ba ta fasa ba, kaset muke haya a shagon wani Bagujarate. Wata Asabar Antin ƙasa ta hawo don ta ce mu rage sauti, sai ta tsaya a bakin ƙofa tana kallo, ƙarshe Umma ta ja ta ta zaunar. Ana cikin haka aka zo wurin rawar kulob. Kun san wurin: mugu yana zaune da kwalba, wata mace mai jan gashi da guntun kaya tana juyi a gabansa. Umma ta ɗauki rimot tana cewa ga 'yar iskar nan ta fito, ku kau da kai. Antin ƙasa ta ce, "Bar shi. Ai mu ke nan. Haka suke nuna mu."

Mai rawar Helen ce. An haife ta a Rangun ta ƙasar Bama a 1938, ubanta Anglo-Indiya, uwarta 'yar Bama, kuma da ƙafa suka gudo Indiya lokacin yaƙin duniya na biyu. Ita ce mai rawa a Sholay na 1975 da Don na 1978. Ga masu son Salman Khan, kishiyar mahaifiyarsa ce, babansa Salim Khan ya aure ta a 1981. Shekara da shekaru masu shirya fim a Bombay suna da ƙa'ida da ba a rubuta ba: yarinyar kirki tana sa sari, sunanta na Hindu, tana jin kunya. Wadda ke shan taba, tana rawa da maza, tana magana rabi da Turanci, ita ce Rosi ko Lili ko Mona, kuma sau da yawa harsashi take tara wa jarumi ta mutu kafin a tashi. Akwai fim guda, Julie, na 1975, wanda kacokan a kan gidan Anglo-Indiya aka yi shi: uba direban jirgin ƙasa ne mashayi, 'ya kuma ta yi ciki da saurayi Bahindu ba aure. Antin ƙasa ta tsani fim ɗin nan. Mutumin da ke cikin hoton falonta babanta ne, direban jirgi shekara talatin a Kharagpur, kuma ta ce ko ranar Kirsimeti ɗan kofi ɗaya yake sha ya ture.

Ku duba fa. Iyayenmu sun kalli waɗannan finafinai a silimun Kano da Zinder da Kumasi, mu mun gaje su a kaset da faifai, mun haddace waƙoƙin, mun san wace ce ta kirki wace ce ta banza, ba mu taɓa sanin cewa ta banzan nan wata al'umma ce guda ake yi wa fenti ba.

To su wane ne su? Abin da zan faɗa, wani daga bakinta na ji, wani kuma sai da na girma na bi littattafai.

Turawan Fotugal ne suka fara auren matan Indiya tun a ƙarni na 16, sai na Holan da Faransa da Ingila suka biyo. Kamfanin Ingila na Gabashin Indiya, wanda ya fara da ciniki ya ƙare da mulki, shi da kansa ya ƙarfafa abin. A 1687 shugabanninsa na Landan suka rubuta wa wakilansu a Madras cewa duk 'yar ƙasar da ta auri sojan kamfani ta haihu, a ba ta tsabar zinare guda, wadda ake kira pagoda, ranar da aka yi wa jaririn baftisma. Dalili a fili yake. Tafiya daga Ingila wata shida ce a teku, matan Turawa ba sa zuwa, kamfani kuma yana son yaran da za su taso Kirista, masu jin Turanci, masu jure zafin ƙasar, waɗanda za su riƙe masa alƙalami da bindiga. Kusan shekara ɗari abin yana tafiya haka. Masu hali a cikinsu har Ingila ake tura su karatu su dawo da muƙami.

Sai aka juya musu baya, kuma da takarda aka yi. A 1786 aka hana tura marayun da uwarsu 'yar ƙasa ce zuwa Ingila karatu. A 1791 aka hana ɗaukar ɗan 'yar ƙasa a manyan ayyukan kamfani, na ofis da na soja da na jiragen ruwa. A 1795 aka ce a rundunar kamfani ba su da wuri sai dai su buga ganga, su busa sarewa, ko su yi wa dawaki takalmi. Masu hannun jari a Landan suna son guraben nan don 'ya'yansu da 'yan'uwansu, ga kuma tsoron kada wata rana waɗannan yara su fi Turawan yawa su ƙwace ƙasar. James Skinner, wanda ubansa ɗan Sikotland ne uwarsa kuma 'yar Rajput, dole sai wajen sarakunan Maratha ya je ya fara aikin soja. Daga baya da Ingilishi suka ga amfaninsa, shi ya kafa musu rundunar dawaki a 1803 wadda har yau sojan Indiya ke kira da sunansa. A 1830 wani mai suna John Ricketts ya ɗauki takardar koken jama'arsa tun daga Kalkata har majalisar Landan. An saurare shi, an yi masa godiya, ya koma.

Sunan ma bai zauna wuri ɗaya ba. An ce musu Yureshiyan, an ce musu 'yan Gabashin Indiya, an ce musu rabin-jinsi. Shi wannan suna Anglo-Indiya da can Baturen da ya daɗe a Indiya ake nufi da shi, sai a ƙidayar 1911 gwamnati ta amince ya zama nasu. (Mu ma mun san irin wannan. Kafin Ingilishi su zo, Larabawan Arewacin Afirka masu fatauci ake ce wa Turawa a Kano, shi ya sa unguwarsu a cikin birni take Dandalin Turawa.) Waɗancan sunayen na takarda ne. Na titi sun fi ciwo. Akwai "ci-ci", na kwaikwayon yadda suke magana. Akwai "kacca bacca", wato ɗanyen ɗa, wanda bai gama nuna ba. Wanda Antin ƙasa ba ta manta ba shi ne "ana takwas". A kuɗin Indiya na da, kafin a sauya shi a 1957, ana goma sha shida ne rupi ɗaya. To in an ce maka ana takwas, kai rabin kuɗi ne. Mai ɗan haske a ce ana goma sha biyu, mai duhu a ce ana huɗu. Da na fassara wa Baba, sai ya ce, "Wato sisi ne, bai cika sule ba." Ya yi shiru, ya ƙara da cewa wannan zagi ya iya zagi.

Jirgin ƙasa ne ya ba su gida. Jirgin fasinja na farko ya tashi daga Bombay zuwa Thane a 1853, kuma da tawayen 1857 ya zo, yawancin Anglo-Indiya suka tsaya bayan Ingilishi. Daga nan gwamnati ta gane cewa ga mutanen da za a damƙa wa abin da ba a so ya tsaya ranar rikici: reluwe, gidan waya da tangaraho, kwastan, 'yan sanda. Ba su ne manya ba, manya daga Ingila ake kawo su. Ba su ne leburori ba. Suna tsakiya, direbobi da gadi da masu kula da tasha da kanikawa. Aka gina musu unguwanni a garuruwan reluwe irin su Kharagpur da Jamalpur da Asansol da Jhansi, kowace da cocinta da makarantarta da zauren taro inda ake rawa daren Asabar. In Antin ƙasa ta fara labarin zauren nan, sai ka ga fuskarta ta koma ta 'yar shekara sha bakwai. Matansu kuwa suna cikin farkon matan Indiya da suka fita aikin albashi da yawa: nas, malamar makaranta, mai buga tafireta, mai haɗa waya. A ƙasar da 'yar mutunci ba ta fita ita kaɗai, macen da ke hawa keke ta je ofis, ta zauna da maza, ta zaɓi mijinta da kanta, ba sai an faɗa muku sunan da za a ba ta ba. Daga nan Rosi da Lili na fim suka samo asali.

Ta kowane gefe akwai ƙofa a rufe. Kulob ɗin Turawa ba ya karɓarsu. Baturen da ya auri 'yarsu ya san ƙarin girmansa ya tsaya. Ga Bahindu mai kiyaye tsarin jinsi kuwa, mutanen da ke cin naman shanu da na alade, waɗanda ba a san ajinsu ba, ba a cin abinci da su balle aure. Masu fafutukar 'yanci suna kallonsu a matsayin karnukan farautar Bature, kuma ba a rasa dalili ba, tunda ma'aikatan reluwe da yawa suna cikin rundunar sa-kai da ake fito da ita in an yi yajin aiki ko zanga-zanga.

Kada kuma in mai da su waliyyai. Su ma sun sha daga wannan rijiya. A gida ɗaya, in ji Antin ƙasa, ana iya haifar fari da baƙi, kuma kowa ya san wanda kaka ta fi so. Ana hana yara shiga rana, ana shafa hoda har wuya. Suna ce wa Ingila "gida" alhali ko kakansu bai taɓa ganinta ba. Wanda fatarsa ta yarda, sai ya tsallake ya zama Bature ya yanke zumunci. Mafi shahara ita ce Merle Oberon, tauraruwar Hollywood da ta fito a Wuthering Heights na 1939. A Bombay aka haife ta a 1911, amma ta rayu tana cewa ita 'yar Tasmaniya ce ta Ostareliya, kuma takardun haihuwarta sun ƙone. Matar da ta rene ta, mai duhun fata, wadda ta sani a matsayin uwa, ta zauna da ita a Landan ana nuna ta ga baƙi a matsayin 'yar aiki. Sai bayan rasuwarta a 1979 gaskiya ta fito sosai. Na daɗe ina jin haushin matar nan. Yanzu tausayinta nake ji, da na tsohuwar da ke kawo shayi a gidan ɗiyarta tana sunkuyar da kai.

Ita ma Antin ƙasa, gaskiya ɗaya ce, ranar da muka tare ba ta yi murna ba. Ita ta faɗa wa Umma da bakinta bayan shekaru, cewa ta je ta yi wa mai gida ƙorafi don me zai sa mata 'yan Afirka a ka. Wadda aka kira ana takwas, ita ma tana da nata ma'aunin.

Da 1947 ta zo, Ingilishi suka naɗe tabarmarsu suka bar mutanen da ake ƙiyasin sun kai dubu ɗari uku. Wasu sun hango haka tun da wuri. A 1933 wani ɗan kasuwar Kalkata, Ernest McCluskie, ya karɓi hayar fili kimanin eka dubu goma a wajen Ranchi don a gina garin Anglo-Indiya zalla. Aka sa masa McCluskieganj, iyalai kusan ɗari huɗu suka tare, suka gina gidaje masu baranda da lambu. Mutanen da suka saba da injin jirgi aka ce su yi noma. Yau 'yan gidaje kaɗan suka rage a hannunsu. Mafi yawa jirgin ruwa suka hau: Ingila da farko, sai Kanada, sai Ostareliya bayan ta sassauta dokarta ta farar fata zalla a shekarun 1960.

Antin ƙasa ta sauka a 1961, tana da shekara ashirin, ana saura kaɗan dokar 1962 ta rufe ƙofa ga 'yan Kwamanwel. Ta ce a jirgi har kuka ta yi don murna za ta ga gida. Ta iya waƙoƙin coci, ta san sarakunan Ingila a jere, ta karanta Dickens. Mako na farko tana neman ɗakin haya, wata mata ta buɗe ƙofa, ta dube ta sama da ƙasa, ta nuna mata takardar da ke manne a taga, ta rufe. A asibitin da ta yi aikin nas shekara talatin da biyar, marasa lafiya suna yaba mata wai ta iya Turanci, a ina ta koya? A shekarun 1970 samarin unguwa suka bi ta da zagin nan da ake yi wa 'yan Pakistan. Ta ce ta tsaya tana so ta yi musu bayanin kakan kakanta na Sikotland, sai ta ga wautar abin, ta wuce.

Waɗanda suka zauna a Indiya fa? Jagoransu Frank Anthony, lauya, wanda ya riƙe ƙungiyarsu daga 1942 har ya rasu a 1993, ya ce musu su daina kallon teku, su 'yan Indiya ne. Littafin da ya rubuta a 1969 sunansa kaɗai ya isa, don cin amanar da Birtaniya ta yi musu ya sa masa. Shi ya yi tsaye har tsarin mulkin 1950 ya ba su kujeru biyu na naɗi a majalisar wakilai ta ƙasa. Kuma sun yi wa ƙasar aiki. Leslie Claudius ya ciyo wa Indiya zinare uku da azurfa ɗaya a hoki a gasar Olamfik tsakanin 1948 da 1960. 'Yan'uwa biyu, Denzil da Trevor Keelor, matuƙan jirgin yaƙi, kowannensu ya sami lambar jarumta a yaƙin 1965. Roger Binny ya fi kowa fitar da 'yan wasa a gasar kurket ta duniya da Indiya ta ci a 1983. Makarantunsu kuma su suka koya wa 'ya'yan manyan Indiya Turancin da yau suke cin abinci da shi a duniya. Harshen da aka yi musu dariya a kansa, yanzu kowa layi yake bi ya saya wa ɗansa.

Kujerun nan biyu an soke su a Janairun 2020. Da ake muhawara a Disamban 2019, ministan shari'a ya gaya wa majalisa cewa ƙidayar 2011 ta nuna Anglo-Indiya 296 ne suka rage a ƙasar gaba ɗaya. Derek O'Brien, ɗan majalisar dattawa wanda shi ma ɗansu ne, ya tashi ya ƙaryata, ƙungiyoyinsu suka ce sun kai dubbai masu yawa. Na sauka na karanta wa Antin ƙasa labarin a waya. Lokacin ta fara rauni, tana zaune da bargo a gwiwa. Ta yi dariya har da tari, ta ce mutanen da suka zo bikin ƙanwarta a Kharagpur sun fi haka.

A ranar ce ta sa na ɗauko mata wani gwangwanin biskit daga ƙarƙashin gado. Takardu ne a ciki, na baftisma da na aure, wasu sun yi ja sun fara karyewa, irin waɗanda suka tattara don nuna wa ofishin jakadanci cewa suna da jinin Birtaniya. Ta jera mini maza biyar, daga babanta har zuwa wani soja da ya sauka Madras, kowanne da cikakken suna da aikinsa da shekararsa. Na ce, to matar sojan fa? Ta nuna mini layin. Suna ɗaya ne tak, na baftisma, wanda aka ba ta ranar auren, sai kalma biyu a gefe masu nufin "'yar ƙasa". Ba sunan da uwarta ta raɗa mata, ba garinsu, ba yarenta. Antin ƙasa ta ce tun tana yarinya ake yi mata labarin sojan nan, launin idonsa ma an faɗa mata. Matar kuwa ba wanda ya taɓa ambatonta, ga shi kuma fuskarta ce take gani a madubi kullum.

Har doka haka ta tsara. Sashe na 366 na tsarin mulkin Indiya ya ce Anglo-Indiya shi ne wanda ubansa, ko wani kakansa ta wajen uba, Bature ne. In uwarka ce Baturiya ubanka Ba'indiye, ba ka ciki.

A nan ne maganar ta dawo gidan suna. Yayana namiji shi ma Baturiya ya aura. 'Ya'yansa biyu ba su iya ko "sannu" ba sai an matsa, tuwo kuwa sai dai su kalla. Ba wanda ya taɓa cewa "kamar namu" a kansu. Namu ne, 'ya'yan wane jikokin wane. Ɗiyar yayata mace kuwa, wadda ta tashi a cinyar Umma, take kallon finafinan Kano, take cin ɗanwake da hannu, wadda ubanta ya musulunta tun kafin ya san yayata kuma ya fi wasunmu zuwa sallar asuba, ita ce kamar tamu. Na san za a ce mini ɗa na uba ne, kuma nasaba a addini ta uba ce. Ban yi gardama ba, sunan ubanta take amsawa. Amma yaushe Hausanci ya zama nasaba? Wannan al'umma da ta haɗiye Fulani da Barebari da Nufawa da Buzaye da Larabawan Turabulus, har jikokinsu ba su san wani yare ba sai Hausa? Labarin asalinmu ma da ake ba yara, baƙo ne ya zo daga Bagadaza ya kashe maciji a rijiyar Kusugu ya auri sarauniyar Daura. In da Hajiyar nan tana wurin sunan Bawo, ban san me za ta ce ba.

Wani abin kuma, bakin da ya ce ruwa-biyu shi ne zai ce kai, yarinyar nan ta yi kyau, ji gashi, ji fata, wane zai yi dace. Yabon da warewar tare suke tafiya, kamar yadda aka cika silima don kallon Helen ana kuma tsine mata. Mu da kanmu da iyayenmu biyu duk Hausawa ne mun ɗanɗana kaɗan. Ka je Kano hutu ka buɗe baki a ce ɗan Landan ya zo. 'Yan'uwanmu na Makka da Jidda da aka haifi kakanninsu a can har yau Takari ne. Na Sudan Fallata ne. Ban ce duka ɗaya ba ne. Anglo-Indiya al'umma ce da ta yi ƙarnuka tana aure a cikinta, da abincinta da cocinta da tarihinta, ɗiyarmu kuwa yarinya ce guda a ƙasar da ƙidayar 2021 ta samu mutum miliyan 1.7 a Ingila da Wales da suka ce su gauraye ne. Ita ba za ta rasa abokan tafiya ba. Abin da nake tsoro shi ne ta gaji da durƙusawa tana gaida mutanen da ke lissafa ta da sisi, wata rana ta daina zuwa, mu kuma mu ce ai dama.

Asabar da ta wuce na je gidan Umma, aka kawo yarinyar. Na ɗauko takardar da Antin ƙasa ta rubuta mana da hannunta, yadda ake dafa korin dunƙulen nama da shinkafar kwakwa mai ruwan ɗorawa, abincinsu na ranar hutu. Umma ta daɗe da mai da shi nata, da naman halal, kuma ba ta jin kunyar jefa daddawa a ciki. Muna mulmula nama na ba yarinyar labarin gwangwanin biskit, da maza biyar, da matar da ba a rubuta sunanta ba. Ta ce to me ya sa ba su tambaye ta ba? Na ce ban sani ba.

Ta wanke hannu ta ɗauko biro da bayan ambulan. Ta rubuta sunanta, ta rubuta na uwarta a sama, ta ce, "Hajiya Umma, ya sunanki na gaskiya?" Umma ta faɗa. Sunan mamanki fa? Nan Umma ta fara noƙewa, wai ita ba ta iya faɗin sunan mahaifiyarta gatsau, sai da ta rufe baki da gefen mayafi ta faɗa a hankali. Kakarki fa? Umma ta yi tsaye da ludayi a hannu. Ta ce Iya suke ce mata, kowa Iya yake cewa. Ta goge hannu ta ɗauki waya ta aika wa yayarta a Kano saƙon murya.

Amsa ba ta zo ba sai bayan magariba, mun riga mun ci mun ɗauke kwanuka. Muryar tsohuwa ce, ga kukan akuya a bayanta. Ta faɗi sunan Iya. Ta ce ita kuma uwar Iya ba ta riske ta ba, abin da ta ji kawai daga wajen Agadas aka auro ta, ba ta jin Hausa sosai har ta mutu, kuma Buzuwa ake ce mata a gidan, sunan yankanta sai dai ko a tambayi Malam na Gwarzo in yana tunawa.

Yarinya ta rubuta Buzuwa a can saman ambulan, ta ja layi a gefensa ta bar fili. Ta ce a ba ta lambar Malam na Gwarzo.